LeBron Ko Jordan: Tara Maki Daban, Iya Cin Maki Daban



Duk mai zama a majalisar matasanmu bayan sallar isha'i ya san musun ƙwallo ba ya ƙarewa. A da Messi da Ronaldo ne kawai, yanzu kuma ƙwallon kwando ta shigo layi, tunda wayar hannu ta kawo mana gasar NBA ta Amurka har cikin aljihu. Kwanakin baya na tarar da wasu ƙannenmu biyu sun kusa ba hammata iska a kan tambaya ɗaya: wane ne ya fi kowa iya cin maki a tarihin wannan wasa? Ɗaya ya buɗe waya ya nuna jerin sunaye, LeBron James a sama, ya ce magana ta ƙare. Ɗayan ya ce ko shekara ɗari LeBron zai yi yana wasa, ba zai kama ƙafar Michael Jordan ba.

Da na zauna na saurare su, sai na lura kowannensu tambaya daban yake amsawa. Na farko yana maganar wanda ya fi tara maki a tsawon rayuwarsa. Na biyu yana maganar wanda in ya riƙe ƙwallo a daren yau, babu mai iya hana shi ci. Ra'ayina shi ne, wancan jerin da ake yawo da shi a waya ma'aunin juriya ne kafin ya zama ma'aunin gwaninta. Kambun juriya na LeBron ne, babu ja. Kambun iya cin maki kuwa har yanzu yana hannun Jordan. Bari in kawo hujjojina, mai ja kuma ya zo da nasa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, lissafin mai sauƙi ne. Ƙwallon da ta shiga kwando daga kusa maki biyu ce. Wadda aka jefa daga bayan wani layi mai lanƙwasa maki uku ce. Jifan da alƙalin wasa ke ba wanda aka yi wa ƙeta kuma maki ɗaya ne. Wasa minti 48 ne, kowace ƙungiya tana yin wasanni 82 a kaka, kafin a shiga zagayen neman kofi. Jerin da ake magana a kai na waɗannan wasanni 82 ne kaɗai, ban da na neman kofi.

A cikin waɗanda suka ajiye wasa, Kareem Abdul-Jabbar ya tara maki 38,387, Karl Malone 36,928, Kobe Bryant 33,643, Michael Jordan 32,292, Bajamushe Dirk Nowitzki 31,560, sai Wilt Chamberlain 31,419. LeBron ya wuce su duka. A daren 7 ga Fabrairun 2023, wato wajen asubar 8 ga wata a agogonmu na Najeriya, ya karya tarihin Kareem a wasan Lakers da Oklahoma City. Kareem da kansa yana zaune a bakin fili, ya taso ya miƙa masa ƙwallo a gaban jama'a. A watan Maris na 2024 LeBron ya zama mutum na farko da ya kai maki 40,000, kuma bai tsaya nan ba, ya haura 42,000.

Don mu gane girman wannan aiki, mu yi ɗan lissafi. A ce ɗan wasa yana cin maki 25 a kowane wasa, wanda ba ƙaramin gwani ke iya haka ba, kuma bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba, babu rauni, babu zazzaɓi, babu rasuwa a gida. A kaka guda zai samu maki 2,050. Kafin ya kai 40,000 sai ya yi kusan shekara ashirin a haka. Kareem ya karɓe tarihin daga hannun Wilt a ranar 5 ga Afrilun 1984. A lokacin ba a ma haifi LeBron ba, sai a ranar 30 ga Disambar wannan shekarar ya zo duniya. Wato sai da aka haifi yaro, ya girma, ya yi kaka ashirin yana wasa, sannan aka samu mai ture wannan dutse. Duk wanda ya raina wannan bai san wahalar wasan ba.

To amma me wannan adadi yake aunawa? Kalli mutum ukun da ke saman jerin. Kareem ya yi kaka 20, wasanni 1,560, ya ajiye yana da shekara 42. Malone ya yi kaka 19, ya daɗe kusan ba ya fashin wasa. LeBron ya shigo gasar a 2003 yana ɗan shekara 18, kai tsaye daga makarantar sakandare, ya daɗe har ya yi wasa tare da ɗan cikinsa Bronny a ƙungiya ɗaya a Oktoban 2024. Abin da ya haɗa su shi ne lafiyar jiki, kula da kai, da fitowa fili kullum. Amma akwai wata lambar da ake bayarwa duk kaka ga wanda ya fi kowa yawan maki a kowane wasa. Kareem ya ci ta sau biyu, LeBron sau ɗaya a 2008, Malone bai taɓa ci ba. Su ukun a haɗe sau uku ke nan. Jordan shi kaɗai ya ci ta sau goma.

Nan ne hujjata ta farko. Jordan wasanni 1,072 kacal ya yi, ƙasa da na Kareem da kusan wasa 500. A kowane wasa yana cin maki 30.1 in aka raba, wanda shi ne mafi yawa a tarihin gasar. Na LeBron yana wajen 27, na Malone da Kobe 25, na Kareem 24.6. A kakar 1986 zuwa 1987 Jordan ya tara maki 3,041, wato sama da 37 a kowane wasa. Daga 1987 zuwa 1993, shekara bakwai a jere, babu wanda ya karɓe wannan lamba daga hannunsa. Abin da ya rage masa adadi shi ne ya ajiye wasa sau biyu yana kan ganiyarsa: a 1993 bayan an kashe mahaifinsa ya tafi wani wasan daban, sai a Maris na 1995 ya dawo, sannan ya sake ajiyewa bayan kofin 1998, ya dawo a 2001 yana da shekara 38.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi a wurina. Akwai makin da ake ci a wasan da ba kowa ya damu da shi ba, akwai kuma wanda ake ci lokacin da kofi ke ajiye a gefe, abokan hamayya sun yi kwanaki suna nazarin duk motsinka. 'Yan wasa da yawa makinsu raguwa yake yi a zagayen neman kofi. Na Jordan ƙaruwa ya yi, ya kai 33.4 a kowane wasa. Maki 63 da ya zuba wa Boston a 1986 ya zama abin kwatance a wannan zagaye. Sannan kofuna shida da ya ci da Chicago Bulls, a 1991, 1992, 1993, 1996, 1997 da 1998, a kowace daga cikin waɗannan shekaru shi ne ya fi kowa cin maki a gasar. Makinsa bai tsaya a kan takarda ba, ya haifi kofi.

Wannan ba abu ne mai sauƙi ba, kuma labarin Wilt Chamberlain ya isa shaida. In ana maganar cin maki tsagwaronsa, Wilt abin tsoro ne. A ranar 2 ga Maris 1962, a wani ƙaramin gari mai suna Hershey a jihar Pennsylvania, ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa ɗaya, ƙungiyarsa ta Philadelphia ta doke New York da 169 da 147. Ba a nuna wasan a talabijin ba, 'yan kallo dubu huɗu da 'yan kai ne suka shaida. A wannan kakar ya tara maki 4,029, sama da 50 a kowane wasa. Amma a duk shekarun da yake wannan ɓarna bai ci kofi ba. Boston ce ke ɗauka, ƙarƙashin Bill Russell, mutumin da makinsa yake wajen 15 a wasa amma ya ci kofi 11 cikin kaka 13. Sai a 1967, da Wilt ya rage jifa ya koma wajen maki 24 yana raba wa abokansa ƙwallo, sannan ya ɗaga kofinsa na farko. Na biyun a 1972 ya zo lokacin da makinsa bai kai 15 a wasa ba. Wilt sai da ya zaɓi ɗaya, ko maki ko kofi. Jordan ya haɗa biyun sau shida.

Yanzu bari in yi wa magoya bayan LeBron adalci, don suna da magana mai ƙarfi. Masu cewa da Jordan bai ajiye wasa ba da ya kai dubu arba'in da biyar, suna gina gida ne a kan iska. Jiki ba inji ba ne. Da ya dawo a Washington yana gab da arba'in, makinsa ya sauko zuwa 22 sannan 20. Babu wanda ya san ko gwiwarsa za ta ɗauki waɗancan shekarun da ya huta. LeBron kuwa ba hasashe ake yi a kansa ba, ya yi an gani. Ya yi wasanni sama da 1,200 a jere ba tare da makinsa ya gaza goma ba, alhali na Jordan ya tsaya a 866. Kuma LeBron ba mai rowar ƙwallo ba ne: sau sama da 11,000 ya miƙa wa abokin wasa ƙwallon da ta zama ci, yana cikin mutum huɗu da suka fi kowa a wannan fanni. Mutum ya zama na ɗaya a maki kuma yana cikin sahun farko wajen ba wasu su ci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka ce mini LeBron ne ɗan wasan da ya fi kowa cika ta kowane ɓangare, zan zauna mu tattauna. Amma tambayar da yaran nan ke musu a kai ta iya cin maki ce, kuma a nan ban sauya ra'ayi ba.

Akwai wani abin da masu nuna jerin sunaye a waya ke mantawa, wato zamani. Ba fili ɗaya waɗannan mutane suka taka ba, ko da faɗinsa ɗaya ne. Kafin 1954 babu agogon da ke tilasta wa ƙungiya ta yi jifa cikin daƙiƙa 24, har an taɓa tashi wasa 19 da 18 a 1950 tsakanin Fort Wayne da Minneapolis. Layin maki uku sai a 1979 ya shigo NBA. Wilt bai taɓa wasa da shi ba. Kareem a duk rayuwarsa sau ɗaya tak ya ci jifan maki uku, sauran dubban makinsa daga kusa ya tara su, musamman da wani jifa nasa da yake lanƙwaso hannu ta saman kai kamar ƙugiya, wanda ba a samu mai iya tare shi ba. Jordan ya ci 581. Stephen Curry kuwa a kaka ɗaya, ta 2015 zuwa 2016, ya ci 402, kuma a Maris na 2025 ya kai 4,000. Haka dokar tsaro ta canza. A zamanin Jordan mai tsaro yana iya ɗora maka hannu yana tura ka, sai a 2004 aka tsaurara hana hakan. Shi ma zamanin nasa yana da nasa sauƙin, don kafin 2001 ba a yarda masu tsaro su bar mutanensu su taru su tsare wuri ba. Kowane zamani da nasa ciwon kai. Shi ya sa nake ganin ma'aunin da ya fi adalci shi ne tazarar da mutum ya ba sa'o'insa da suka yi wasa da doka iri ɗaya, kuma lamba goma ta Jordan ita ke nuna wannan tazara.

Kobe Bryant ma ya cancanci a ambace shi da girmamawa. Maki 81 da ya ci Toronto a ranar 22 ga Janairun 2006 shi ne, a lokacin, mafi kusa da ɗarin Wilt. A wasansa na ƙarshe a Afrilun 2016, da jikin da rauni ya gama cinyewa, ya ci 60. Ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Janairun 2020. Kevin Durant kuma ya haura maki 30,000 a Fabrairun 2025, duk da ya rasa kaka guda sukutum saboda tsinkewar jijiyar agara. A ɓangaren mata, Diana Taurasi ce ta fara haura maki 10,000 a gasarsu ta WNBA, inda wasannin kaka ba su kai na maza yawa ba.

Sannan kada mu ɗauka duniyar ƙwallon kwando a Amurka ta fara a can ta ƙare. Oscar Schmidt na Brazil ya tara maki sama da 49,000 a ƙungiyoyin Brazil da Italiya da Sifaniya da kuma tawagar ƙasarsa, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. An zaɓe shi a 1984, ya ƙi zuwa, saboda dokar wancan lokaci za ta hana shi wakiltar ƙasarsa. A 1987, a birnin Indianapolis, ya ci maki 46 Brazil ta doke Amurka a gidanta da 120 da 115. Sunansa ba ya cikin jerin da ƙanenmu ya nuna a waya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa jerin ba shi ne dukan labari ba.

Mu 'yan Najeriya muna da namu a cikin wannan magana. Hakeem Olajuwon a Legas aka haife shi a 1963, kuma sai da ya zama saurayi ya fara ƙwallon kwando, bayan ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 shi aka fara ɗauka, Jordan ya zo na uku. Ya gama da maki 26,946, ƙasa da na Karl Malone da kusan dubu goma. Amma Hakeem ya kai Houston ga kofi biyu a 1994 da 1995, Malone kuwa ya ajiye wasa ba shi da ko ɗaya. A wasan ƙarshe na 1995 ya fuskanci Shaquille O'Neal, Houston ta cinye wasanni huɗu a jere, yana cin sama da maki 32 a kowane wasa in aka raba. A Fabrairun wannan shekarar, watan da ya dace da Ramadan kuma yana azumi, shi aka zaɓa gwarzon wata a gasar. Sannan ya kaɗe jifan abokan hamayya sau 3,830, adadin da babu wanda ya kai tun da aka fara ƙirga shi. Kowace ƙwallon da ya kaɗe maki biyu ne ya hana, amma babu inda ake ƙara masa su a jerin masu maki. Tambayi duk wanda ya san wasan, tsakanin Hakeem da Malone wa zai ɗauka a daren da kofi ke kan layi.

Me ya sa na damu har na yi wannan dogon rubutu a kan wasan da ake yi a wata nahiya muna barci? Saboda ina ganin abin da irin wannan musu yake koya wa yaranmu. Ka je duk filin da suke wasa da yamma, za ka ga kowa ya karɓi ƙwallo sai ya ja baya ya cilla daga nesa, kowa yana ƙirga nasa, babu mai son tsaro, babu mai son miƙa wa ɗan uwansa. Guntayen bidiyon da suke kallo ba sa nuna musu cewa Karl Malone ba zai tara abin da ya tara ba in babu John Stockton, wanda ya miƙa ƙwallon ci sau 15,806, da yawa daga ciki a hannun Malone suka sauka. Ba sa nuna musu cewa Jordan da kansa ya yi kaka shida yana zuba maki babu kofi, sai da aka gina masa ƙungiya, ya kuma yarda da abokan wasansa irin su Scottie Pippen. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun Jordan ne.

Kuma darasin da ya fi amfani a cikin wannan jeri shi ne wanda aka fi yi wa kallon raini. Masu cewa ai LeBron daɗewa kawai ya yi, su gwada daɗewar su gani. Mu da muke zaune a kasuwanni mun san bambancin ɗan kasuwar da ya yi ciniki mai tsoka a shekara ɗaya gari ya ɗauka, da wanda ya shekara ashirin yana buɗe shago kullum da sassafe, ana ruwa ana rana, bai karye ba. Na farko ana ba da labarinsa, na biyu shi ke riƙe gida. Gwaninta irin ta Jordan baiwa ce, ba kowa Allah ke ba ba. Amma kula da jiki, da barci a kan lokaci, da nisantar ƙwaya da shaye-shaye, da zuwa atisaye ranar da ba ka jin daɗi, wannan kowane yaro a unguwarmu zai iya koya, ko ƙwallo zai yi, ko karatu, ko sana'a.

Don haka ga abin da na gaya wa ƙannen nan biyu. In aka ce in zaɓi mutum ɗaya a ba shi ƙwallo saura daƙiƙa biyar, ana bin mu maki ɗaya, Jordan zan ba, ba zan yi shawara da kowa ba. In aka ce in zaɓi wanda zan damƙa wa ƙungiya na tsawon shekara ashirin in tafi in kwanta da kwanciyar hankali, LeBron ne, Kareem na biye da shi. Kowa da kambunsa, kuma ba sai ka zagi ɗaya ba kafin ka yabi ɗayan. Balle a ce 'yan uwa biyu su ɓata a kan mutanen da ba su san da zamansu ba.

Wanda yake ganin na yi kuskure, ƙofa a buɗe take, amma ya zo da hujja da lissafi, ya bar zagi a gida. Allah Ya shirya mana matasanmu, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.